Ƙusoshin Mahaɗar Mupapa

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Talata wayar Insfekta Sikazwe ta yi ƙara, yana tsaka da tsoma burodi a shayi. Wata bas ce da tirelar siminti suka gogi juna a mahaɗar Mupapa. Ya ajiye kofin ya ce, "Ba jiya aka buɗe ta ba?" Aka ce masa jiya-jiyan nan.

Duk wanda ya taɓa tuƙi a Lusaka, inda motoci ke bin hannun hagu, ya san Mupapa, kuma ya zage ta. Shekara da shekaru in mota ɗaya ta tsaya za ta karya dama, to na bayanta sai su kashe inji su sayi jarida. Da hukumar birni ta ga zagin ya isa haka, sai ta ba da kwangilar gyara. Aka ce za a yanko wa masu karya dama layinsu daban a tsakiyar titi, a gina dakalin siminti ya raba su da motocin da ke tahowa. Mun yi murna ƙwarai, amma murnar kwana ɗaya ce.

Sikazwe ya isa wurin tare da Saja Nalishebo, wata doguwar mace mai baki kamar reza, wadda shekara shida ke nan suna aiki tare. Bas ɗin ta shiga sabon layi tana jiran danja, rabin gindinta a waje, tirela ta zo wucewa ta kwashe gefenta. Fasinjoji sun tsira da ƙwarzane. Direban ne, wani Lackson, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti.

Injiniyan hukuma yana tsugune da tef ɗin awo, gumi har cikin kunnensa. "A takarda faɗin layin nan mita uku da rabi ne, Insfekta. A ƙasa biyu da rabi. Mita guda ta ɓace."

"Wa ya gina dakalin?"

Aka nuna masa shugaban leburori, Ba Chisenga, wato Malam Chisenga a bakin mutanen nan, wani kakkauran mutum mai furfura a gemu. Zafin Oktoba yana narka kwalta, amma shi hannayensa suna cikin safar fata irin ta aiki.

"Mu ƙusa muke bi, Bwana," in ji Chisenga, Bwana kuwa shi ne yallaɓai a nan. "Safiyo zai zo ya kafa ƙusoshi a kwalta, mu ɗaura igiya, mu jera siminti. Ko a tsakiyar coci ya kafa su, nan za mu jera. Ga su nan ma, duba."

Ga su kuwa a gindin sabon dakalin, a jere. Kowace ƙusa an huda marfin kwalba da ita kafin a buga ta, aka fesa mata jan fenti don a hango daga nesa.

"Ba ka ga layin ya matse ba?"

"Na gani. To wane ni da yin gardama da mai na'ura mai ƙafa uku? Ni aji bakwai na yi."

"Waye safiyon?"

Chisenga ya sunkuyar da kai. "Ba Hamweemba. Shekara goma sha bakwai muna aiki tare, Bwana, kwano ɗaya muke ci. Ba na son in faɗi wannan, amma ance an gan shi ranar Lahadin waccan ya dawo yana sake buga ƙusoshin. Tsufa ne, ba mugunta ba."

Kafin azahar gidajen rediyo sun ɗauka, kansila ya bugo waya sau uku. Shugaban caji ofis bai tsaya jin ta bakin kowa ba, ya sa aka kamo safiyon. "Juma'a da safe kotu," ya ce wa Sikazwe. "In kuma direban nan ya cika, tuhumar ta koma ta kisa. Kana da kwana biyu ka haɗa min takardu."

Ba Hamweemba siririn dattijo ne, saura wata biyar ya yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya yana awo. Da aka fito da shi daga bayan kanta, ya zauna a bakin kujera ya haɗe gwiwoyi kamar ɗan makaranta. Abin ya ba Sikazwe tausayi, shi ya sa ya bar Nalishebo ta fara. Ita Lozi ce, shi Tonga, kuma tsakanin ƙabilun nan biyu wasa ne har a gidan makoki.

"Kai, bawana," ta ce, "da shanu aka ba ka ka ƙirga ai ba za ka ɓatar da ko jela ba. Mita guda ce ta gagare ka?"

Dattijon ya ɗago, bakinsa ya ɗan motsa. "Ashe masu cin guza ma ana ba su kaki yanzu."

"Har da bindiga. Yi magana."

Sai ya yi. Ranar Juma'a ya kafa na'ura, ya buga ƙusa ashirin da biyu, ya auna kowacce sau biyu. Asabar ba ya aiki, ranar ibadarsu ce, tun faɗuwar ranar Juma'a yake ajiye guduma.

"Lahadi fa?" in ji Sikazwe.

"Ina gonata ina gyaran shinge."

"Wa ya gan ka?"

"Awaki, Bwana."

"Amma kakan yi aiki ranar Lahadi."

"Sosai. Kowa ya sani. Titi ba cunkoso, mutane suna coci. Amma ba waccan Lahadin ba."

"Bayan Juma'ar ka koma wurin?"

"An tura ni wani aiki a garin Kafue. Aikina ya ƙare a ƙusa ta ƙarshe."

"Ina littafin awonka?"

"A kwantenar kayan aiki na bar shi, tare da malafata. Ɗazu aka ce wai an duba ba a gan shi ba." Ya dubi Sikazwe. "Bwana, ni ban taɓa kuskuren faɗin yatsa biyu ba. In yaron nan ya mutu aka ce ni ne, da wane ido zan kalli mutane?"

Sikazwe yana shirin tashi, sai wani abu ya faɗo masa. "Marafan kwalbar nan, daga ina kake samo su?"

"Matata ke tara min. Lemo take sayarwa a ƙofar gida."

A waje, a kan bencin da ke jikin bango, matar tana zaune da kular abinci a cinya. Bina Luyando ake ce mata, wato maman Luyando. Ta miƙe ta ɗan rusuna.

"Bwana, sun ƙi karɓar tuwon."

"Za a karɓa, Mama. Ki tafi gida ki huta."

"In tafi in yi me? Shekara talatin da huɗu ban taɓa cin abinci kafin ya ci ba." Ta koma ta zauna abinta.

Laraba da sassafe suka koma mahaɗar da filaya. An tare sabon layin da durom, cunkoson ya dawo har ya fi na da, direbobi sai zage-zage suke. Sikazwe ya tsuguna ya zaro ƙusa ɗaya, ya kankare jan fentin da makullin mota. Ya daɗe yana kallon marfin, sannan ya miƙa wa Nalishebo.

"Wannan ai na giya ne," ta ce.

Suka zaro guda shida. Duk na giya.

"Mutumin da ko shayi ba ya sha don ibada," in ji Nalishebo. "Ina zai tsinci waɗannan?"

"In ka ɓamɓaro ƙusa daga kwalta, marfin yagewa yake yi. Wanda ya matsar da su dole ya nemi sababbi, kuma ya ɗauki na kusa da shi." Ya ɗaga kai. A tsallaken titi ga gidan mai, a jikinsa ga mashaya.

"Marfi ba ya tsayawa gaban alƙali ya rantse, Insfekta."

"Na sani. Nemo min mai baki."

Mai bakin tana kusurwar mahaɗar tana fifita garwashi. Amai Zgambo, wato Mama Zgambo, shekara goma sha biyu tana gasa masara a wurin, babu Asabar babu Lahadi.

"Na gan shi mana," ta ce. "Wajen ƙarfe tara. Ya jera robobin tare hanya, ga rigar nan mai ƙyalli, ga malafarsa."

"Kin ga fuskarsa?"

"Ya sa takunkumin ƙura. Amma malafar nan ko a mafarki na san ta."

"Babu wanda ya tambaye shi me yake yi?"

Ta yi dariya. "Bwana, a garin nan ka sa riga mai ƙyalli ka ɗauke danjar can gaba ɗaya, ɗan sandan hanya ne zai tare maka motoci."

Gaskiya ta faɗa, kuma Sikazwe bai ji daɗinta ba.

"Kun gaisa?"

Nan ta daina fifita. "Ka ga abin da ya tsaya min a rai ke nan. Na ɗaga murya na ce, Ba Hamweemba, an tashi lafiya? Ko waiwayowa bai yi ba. Mutumin da ba ya wuce ni sai ya tambayi jikokina ɗaya bayan ɗaya. Na ce to, ko matarsa ce ta ɓata masa rai."

"Ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku?"

"A'a. Da ƙotar shebur yake awo. Ya kwantar, ya buga, ya kwantar, ya buga." Ta dafe haɓa. "Kuma a tsaye yake bugawa, ya duƙa kawai. Ba Hamweemba bayansa ba ya duƙuwa. Kullum sai ya roƙi kwali a wurina ya durƙusa a kai. Wayyo ni! Ashe ba shi ba ne? Ni ce fa na gaya wa leburori na gan shi."

"Ba laifinki ba ne, Amai."

"In kun kama mai laifin ku tambaye shi har da ruwan da ke cinye mu. Shekara huɗu da suka wuce aka haƙa tsakiyar titin nan wai an sa magudana. Duk damina ruwa har gwiwa, garwashina yana iyo."

Sikazwe ya sayi masara biyu don ta huce, suka tsallaka.

Mai gidan man da mashayar mutum ɗaya ne, Mista Nkhuwa, kuma kowa ya san shi ne ya fi kowa ƙin sabon dakalin, don ya tare wa motoci hanyar karyowa su sha mai. Har takardar koke ya rubuta, ya bi shaguna ana sa hannu.

"Lahadin waccan da ƙarfe tara kana ina?"

"Coci, Bwana. Ni dattijon coci ne."

"Me aka yi wa'azi a kai?"

"A kan... ƙauna."

"Da kyau. Saja, je ki tambayi faston."

Nalishebo ta juya kamar za ta fita. Sikazwe ya zube marafan shida a kan tebur, ɗaya ya gangara ya faɗi ƙasa. "Irin giyar da kake sayarwa ce. Kai ka rubuta koke. Direba yana kwance bai san inda kansa yake ba. Ka ga yadda lissafin yake tafiya, ko sai na zana maka?"

Nkhuwa ya ɗaga hannaye biyu. "Tsaya, Bwana, tsaya. Ina nan. Na buɗe ta ƙofar baya tun takwas, akwai masu son jiƙa maƙoshi kafin ƙwallo. Na san lokacin da doka ta yarda a buɗe mashaya bai yi ba, shi ya sa na ce coci."

Sikazwe ɗan arewa ne, abokan wasan mutanen gabas, sai ya ce, "Ɗan gabas ke nan, a bar ku da cin ɓera da ƙarya. Ci gaba."

"Ku da kuke cin biri ai ba ku da bakin magana," in ji Nkhuwa, don jin tsokanar ya nuna masa ba a kai ga ankwa ba. "Wani ma'aikacin titi ne ya leƙo, da malafa da takunkumi, ya ce in ba shi marafan kwalba. Na nuna masa kwandon shara ya ɗiba."

"Waye?"

"Na rantse ban sani ba. Masu rigar nan duk ɗaya suke a idona, maƙiya kasuwata. Amma ya dawo bayan kamar awa ɗaya, yana yarfe hannu, ya ce in taimaka masa da ƙanƙara. Ya maka wa babban yatsansa guduma. Na hagu. Farcen har ya fara baƙi."

"Siriri ne?"

"Siriri? Da ƙyar rigar ta rufe masa tumbi."

Da suka fito Nalishebo ta ce, "Na san wani mai tumbi da ke sa safar hannu a zafin nan."

"Ni ma na san shi. Kuma makullin kwantena a wurinsa yake."

"To mu ɗauko shi."

"Mu ce masa me? Lebura ne, zai ce bulo ne ya faɗo masa. Abin da ban gane ba, me mita guda za ta ƙara wa shugaban leburori? Ba gidan mai gare shi ba, ba shago ba. Ruwa ba ya tsami banza."

Yammacin ranar Sikazwe ya sa injiniyan ya shimfiɗa masa taswirar aikin a kan tebur. Shi ba gwanin karanta zane ba ne, don haka ya bi ta da yatsa yana tambaya kamar mai koyon baƙi. A cikin sabon layin, dab da dakali, akwai wani ɗan da'ira da rubutu a gefensa.

"Wannan fa?"

"Murfin magudanar ruwa ne, na tsohon aiki. Da a wurin da mota ba ta bi yake. Yanzu tunda ya faɗo cikin layi, dole a buɗe shi a gabana, in duba ramin, a sa masa murfi mai ɗaukar nauyin tirela."

"An buɗe?"

Injiniyan ya sosa ƙeya. "Ba a kira ni ba. Ni kuma ayyuka sun yi min yawa."

"Na yi tafiya a layin nan sau huɗu, ban ga murfi ba."

Suka kalli juna.

"Wa ya yi tsohon aikin?"

Injiniyan ya buɗe wani fayil mai ƙura, ya bi sunaye. Kamfanin daban ne, ya ma daɗe da rushewa. Amma sunan shugaban leburorin bai canja ba.

Alhamis da ƙarfe goma Sikazwe ya tara kowa a kan dakalin. Ba a riga an shimfiɗa masa bulo ba, yashi ne kawai aka cika cikinsa da shi. Ya ce wa Chisenga ya sa yaransa su kwashe yashin.

"Bwana, aikin kwana biyu ne za ka ɓata mana."

"Zan ba ka haƙuri daga baya. A kwashe."

Shebur huɗu suka kama aiki. Da tsohuwar kwalta ta bayyana, Nalishebo ta karɓi tsintsiya a wurin Amai Zgambo ta share. Ga ƙananan ramuka a jere, kowanne da zoben jan fenti kewaye da shi. Injiniyan ya ja tef daga rami na farko zuwa farin layin titi.

"Uku da rabi," ya ce. Ya matsa gaba. "Uku da rabi. Wannan ma haka. Ko faɗin farce bai kauce ba."

Sikazwe ya sauke wata irin ajiyar zuciya da shi kansa bai san yana riƙe da ita ba. Tun Talata yake jin tsoron kada tausayi ne yake ruɗarsa.

Shebur ɗin wani lebura ya daki ƙarfe. Murfin ne, tsakanin tsofaffin ramukan da sabon dakali, daidai cikin mitar da ta ɓace.

"A ɗaga."

"Akwai iska mai guba a irin ramukan nan, Bwana," in ji Chisenga. "Sai an kawo kayan..."

"A ɗaga, na ce."

Mutum biyu suka sa diga suka ɓamɓare shi. Jama'ar da suka taru suka ja baya suna toshe hanci, amma babu wari. Sikazwe ya leƙa, sannan ya zura ƙafa ya tsaya a ciki. Ramin iya gwiwarsa ya tsaya. Busasshiyar jar ƙasa ce, da fasassun bulo, da wata tsohuwar taya. Babu bututu, babu alamar ruwa ya taɓa bi ta wurin.

Amai Zgambo ta ɗora hannu a ka. "Shekara huɗu! Shekara huɗu ina kwashe ruwa da bokiti, ashe murfin tukunya aka kifa mana a titi!"

Sikazwe ya fito ya kaɗe wandonsa. "Ba Chisenga, cire safar."

"Hannuna yana da..."

"Ta hagun."

Ya cire a hankali. Farcen babban yatsan baƙi ƙirin, ya fara ɗagowa.

"Bulo ne ya faɗo min."

"To. Mu je mu gwada wa Mista Nkhuwa, shi da ya ba ka ƙanƙara. Daga nan mu buɗe kwantena mu ga ko littafin awo ya dawo da ƙafarsa. Ko kuwa ka hutar da mu?"

Chisenga ya dubi leburorinsa. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Ya zauna a kan dakalin da ya gina.

"Bututun an kawo su," ya ce a hankali. "Na sayar wa wani mai gona. Wanda aka turo duba aikin ko daga mota bai sauko ba, murfi ya hango ya sa hannu. Na ce shi ke nan, an binne. Da na ga taswirar nan an ce a buɗe a gaban injiniya, kwana uku ban runtsa ba. Sai na ce mita guda ce kawai, murfin ya shige cikin dakali yashi ya rufe shi. Wa zai auna?"

"Bas ta auna," in ji Nalishebo.

"Littafin fa?"

"Yana ƙarƙashin katifata. Na kasa ƙona shi."

"Me ya sa malafarsa? Me ya sa Lahadi?"

Chisenga ya goge fuska da safar. "Don in an gan ni a ce shi ne. Ba Hamweemba in ya buga ƙusa babu mai tambaya, kowa ya san ba ya kuskure. Na zaci sunansa zai rufe ni, shi kuma babu abin da zai same shi."

"Ranar Talata kuwa da bakinka ka miƙa min shi."

"Tsoro ne, Bwana."

"Kwano ɗaya kuke ci, ka ce."

Chisenga ya miƙa hannayensa. Nalishebo ta sa masa ankwa, kuma ba ta yi masa wasa ko ɗaya ba. Da ƙyar suka ratsa da shi zuwa mota, don direbobin bas sun fara taruwa, Amai Zgambo tana biye tana zazzaga masa abin da ta tara na damina huɗu.

Suna kan hanya aka bugo waya daga asibiti. Lackson ya farfaɗo, ya gane matarsa, har ya tambayi wa ke tuƙa masa bas. Ƙafa ce ta karye da haƙarƙari biyu. Sikazwe ya ce a maimaita masa, aka maimaita. Ya kashe wayar ya jingina kai da kujera, ya ce, "Allah mun gode."

Shugaban caji ofis ya karanta bayanin a tsaye, ya yi gyaran murya, ya ce ai dama shi tun farko jikinsa bai ba shi dattijon nan ba. Sikazwe ya ce haka ne, ranka ya daɗe. Akwai gaskiyar da ba ta cancanci a ɓata yawu a kanta ba.

Aka buɗe sel aka fito da Ba Hamweemba, yana riƙe da ƙugun wandonsa da hannu ɗaya. Ɗan sandan kanta ya zube masa bel da igiyoyin takalmi da agogo. A daidai lokacin, a ɗaya gefen kantar, ana kwance wa Chisenga nasa bel ɗin.

Dattijon ya tsaya cak. Ya dubi ankwar, ya dubi Sikazwe.

"Me Ba Chisenga ya yi?"

Sikazwe ya gaya masa a taƙaice. Ya gaya masa an tono ramukansa na asali, ashirin da biyu, injiniya ya auna su a gaban jama'a.

"Nawa ya samu?"

"Uku da rabi. Dukkansu."

"Yaron fa? Direban?"

"Ya tashi. Zai warke."

Sai a sannan hawayen suka zubo masa, bai kuma ɓoye su ba. Chisenga ya buɗe baki ya ce, "Yayana..." Ba Hamweemba ya ɗaga masa hannu.

"Ba yau ba," ya ce. "Wata rana zan iya saurarenka, amma ba yau ba."

Aka tisa ƙeyar Chisenga zuwa ciki, ƙofar ƙarfe ta rufe.

Dattijon ya zauna a benci zai zura igiyar takalmi, ramin ya ƙi samuwa. Bina Luyando ta shigo ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ta durƙusa a gabansa ta karɓi igiyar. Ta zura, ta ɗaure, ta koma ɗaya ƙafar.

"Bawana, ka tafi ke nan ba sallama?" in ji Nalishebo, tana goge ido da bayan hannu wai ƙura ce.

"Ki zo gida ranar Lahadi," ya ce. "Ba mu da guza, amma za a yanka miki kaza."

Matarsa ta miƙe, ta kama shi ta tayar. "Tashi mu tafi, Baban Luyando," ta ce. "Yunwa nake ji."